Port ɗin switch yana rufe kansa da zarar an hau Wi-Fi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan matsalar nan ta hana ni sakat. Na jona na'urar Wi-Fi a switch (akwatin da ke haɗa na'urori ta kebul), na kunna tsaron port (ramin da kebul ke shiga) don ya karɓi adireshin MAC (lambar shaidar na'ura) ɗaya tak. Da zarar waya ta hau, sai port ɗin ya rufe, kowa ya sauka. Ina zaton switch yana ƙirga MAC ɗin kowace waya ne. Na ƙara adadin zuwa 20, kafin yamma ya cika, tunda wayoyin yanzu suna sauya MAC.

In cire tsaron in dogara da 802.1X (tsarin tantance na'ura kafin a ba ta damar shiga) da sabar RADIUS (kwamfutar da ke yin tantancewar), ko ana iya haɗa biyun? Tsorona kada wani ya zare kebul ya jona kwamfutarsa. Don Allah a taimaka.