Ragon Kawu a saman bene: lafiya ake karewa ko kasuwa?

Kawu Mai Dabbab: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Tun farkon Zulƙida na sayi ragon layya ɗan Sawakini, irin na Sudan, a halagar Ka'akiyya, kasuwar dabbobi ta nan Makka, na hau da shi saman bene, na yi masa rumfa da buhuna, ina ba shi ciyawar barsim safe da yamma. Jiya mai gidanmu ya aiko haris, wato mai gadin gidan, wai in sauke shi kafin Juma'a, don wani maƙwabci ya ce zai buga 940, lambar kai ƙara ga baladiyya, wato hukumar gari, in baladiyya ta zo kuma mai gidan za a rubuta wa tara. Abin da na faɗa wa haris shi zan maimaita a nan: dokar nan ta hana kiwo a cikin unguwa da hana yanka a gida ba don lafiyar kowa aka yi ta ba. An yi ta ne don talaka ya kasa sayen rago da wuri, dole ya jira takwas ga Zulhajji, 'yan kasuwa su yanka shi kafin ya yanka ragon. Mai ja ya ja.

Hajiya ta Tandabawi: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka ƙanena. Lokacin da aka kawo ni garin nan ina amarya, awaki a lungunan Tandabawi da Jarwal suke kwana, suna cin kwali da ɓawon kankana. Kowane gida da kajinsa. Ran Sallah a ƙofar gida ake kayar da rago, yara na riƙe ƙafa. Ba wanda ya mutu.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni, amma an mutu. A shekarar 2000 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a Jizan, a kudancin Saudiyya, karo na farko da aka gan shi a wajen Afirka, ya kashe sama da mutum ɗari a ƙasar nan. Sauro na ɗaukarsa, amma taɓa jinin dabba mai ciwo wajen yanka da fiɗa shi ma hanya ce. Akwai kuma zazzaɓin Alkhurma, a Jidda aka fara gano shi a tsakiyar shekarun 1990, a jikin mahauta da masu hulɗa da tumaki. A mayanka likitan dabbobi yana duba hanta da huhu kafin a miƙo maka nama. A ƙofar gida wa yake dubawa? Jinin kuma ina yake tafiya? Ba a ma zo kan cutar numfashi ta MERS ta 2012 ba.

Kawu Mai Dabbab: 'Yata, MERS ta raƙuma ce. Kin ga raƙumi a saman benenmu?

Anti Nas: Ban gani ba Kawu, shi ya sa na sa ta a ƙarshe.

Ɗan Mai Wurno: Ku ba ni dama in sa baki, tunda ragon ɗan ƙasarmu Sudan ne. A gefe ɗaya Kawu na da hujja. Ragon da ya taso daga Kurdufan ba ya hawa jirgin ruwa a Sawakin sai ya zauna a killace an yi masa rigakafi, a tashar Jidda ma sai an duba. Ba dabbar bola ba ce. Amma maganar cewa 'yan kasuwa doka take yi wa aiki, nan na rabu da kai, Kawu. Bayan abin Jizan ɗin nan da Anti ta faɗa, rufe shigo da dabbobi aka yi daga ƙasashen gabashin Afirka. Na Somaliya sai 2009 aka buɗe. Shekara tara! Wa ya fi dillalan Barbari, tumakin Somaliya, asara a lokacin? In da kasuwa ake karewa, ko wata tara ba za a yi ba.

Auta na Jidda: Ni dai ina bayan Kawu, ko da ba ta hanyar da ya bi ba. Tambayata: dabbar wa ake kora? Mai istiraha, wato gidan hutu, a bayan gari yana da raƙumansa da tumakinsa da shahonsa, ba mai buga masa 940. Ana yi wa raƙuma gasar kyau, har a 2018 aka kori goma sha biyu don an yi musu allurar kwalliya ta Botox a leɓe. A 2008 an hana sayar da kare da kyanwa a Riyad, an hana yawo da su. A 2020 sai ga gidan shan gahawa na masu karnuka a Khubar. Ashe doka tana lanƙwasuwa in ta ga dama. Ragon mai haya ne kawai ba ta lanƙwasa masa.

Anti Nas: Auta, mai istiraha a bayan gari yake, ka faɗa da bakinka. Ai abin da dokar ke nema ke nan. Kuma masu kuɗin ma ba a sake musu ba, ajiye zaki ko damisa a gida laifi ne babba. A 2021 wani zaki ya kashe mai kiwonsa a Riyad.

Auta na Jidda: To a ba Kawu istiraha mana, a ga ko zai ƙi.

Maman 'Yan Biyu: Ni ba ruwana da Jizan ko Botox. Mu a hawa na uku muke, bara na samanmu ya ajiye awaki biyu. Tankin ruwan gidan gaba ɗaya a can sama yake. Duk ran da ya wanke wurin, ruwan ta bututu yake gangarowa ya ɗiga kan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ɗakin yara. Ka kunna, warin ya cika ɗaki. Ga ƙuda, ga kuka tun kafin kiran assalatu. Ban buga wa kowa waya ba saboda kunya, amma wallahi na yi ta kallon lambar. A gida Najeriya tsakar gida ƙasa ce, tana shanyewa. Nan siminti ne a kan kawunan mutane.

Malam na Misfala: Na karanta duka. Alhaji, kafin maganar baladiyya akwai hakki biyu a kanka. Na farko na ragon ne. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, duk mun san shi. Na san kana ciyarwa, amma zafin garin nan yana haura digiri 45, kuma siminti bayan azahar ko takalmi ba ya raga wa. Buhu ba inuwa ba ne. Na biyu na maƙwabci ne, ga Maman 'Yan Biyu ta yi bayani, kuma ƙa'idar a fili take: ba cuta, ba cutarwa. Game da yanka, wakilci ya halatta. A Hajjin Bankwana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke raƙuma 63 da hannunsa, ya ba Sayyidina Aliyu ya ƙarasa sauran na ɗari. Shirin Adahi, inda kake biyan kuɗi a yanka maka, da aka fara a 1983 ta hannun Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a kan wannan ya ginu. In kuma kana son ka halarta, kai ragonka mayanka ka tsaya a kansa.

Kawu Mai Dabbab: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma tantabarun Harami fa? Dubbai, suna ɓata rufin kowa, har hatsi ake saya musu.

Malam na Misfala: Waɗannan ba baladiyya ce ta ba su iƙama, takardar zama, ba, Alhaji. Alfarmar Harami ce, ba a farautar abin da ke cikinsa. Ragonka kuwa da kuɗinka ka kawo shi.

Hajiya ta Tandabawi: Malam, takardar Adahi ba ta da kai da ƙafa. Saƙo kawai za a turo maka a waya wai an yanka. Jikokina da aka haifa nan ba su taɓa ganin an babbake kai ba, ba su san yadda ake wanke tumbi ba. Sallar da ba a ji ƙamshin suya a gida ba, ni har yau ban saba da ita ba.

Anti Nas: Hajiya, a mayanka suna ba ka kai da ƙafa da kayan ciki in ka nema. Layin ne dai sai haƙuri, ranar farko.

Kawu Mai Dabbab: Layin da za ka shiga bayan idi ka fito da la'asar.

Ɗan Mai Wurno: Ka je rana ta biyu, Kawu, layya ba ta wuce ba. Yanzu dai ga shawara. Wani ɗan uwanmu yana tsaron garke a kan hanyar Lis, bayan gari sosai, da rumfar kwano da ruwa. Yana karɓar ragunan mutane, ka biya kuɗin barsim da ɗan na tsaro, ka ɗauko ran tara ga wata. Ga dabbab ɗinka na ɗaukar kaya, ba sai ka yi haya ba.

Kawu Mai Dabbab: Kun gani ko? Kuɗin barsim, kuɗin tsaro, kuɗin man zuwa da dawowa, kuɗin mayanka. In na haɗa, ribar sayensa da wuri ta tafi. Auta, rubuta ka ajiye, maganata ta fito. Ɗan Mai Wurno, turo min wurin a waya ta gefe, gobe bayan asuba zan sauko da shi kafin rana ta yi. Hawa huɗu ne kuma ba lif, ina neman samari biyu.

Auta na Jidda: Kawu ni ina Jidda.

Hajiya ta Tandabawi: Zan turo maka jikokina, su ga rago da idonsu. Amma kan ragon nawa ne, na riga kowa.