Ogana yana kiran sunan mai kuskure a gaban kowa, haka ake yi a sauran kamfanonin manhaja?

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Abuja, ba mu wuce mu 20 ba, kuma babban aikinmu manhajar da iyaye ke biyan kuɗin makaranta da ita ce. Albashi ba ya makara, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba. Halin shugaban sashenmu ne ya hana ni sukuni.

Farkon zangon nan, daidai lokacin da iyaye ke rububin biya, ya matsa aka saki sabuntawa da daddare ba tare da kowa ya duba aikin ba, saboda wata makaranta ta ƙosa. Kafin gari ya waye an cire wa wasu iyaye kuɗi sau biyu. Da safe sai ya shiga zauren Slack (manhajar da muke tattaunawar aiki) na kamfanin gaba ɗaya, inda har akanta da masu talla suke, ya rubuta sunan yaron da ya yi aikin, ya ce shi ya jawo mana abin kunya. Ɗan bautar ƙasa ne fa. Kuma a gabana ya roƙi a ba shi kwana biyu ya yi gwaji, aka hana shi.

Tun ranar kowa ya kama bakinsa. A taron safe da muke yi a tsaye, kowa "aiki na tafiya" yake cewa, ko da ya maƙale. Na san waɗanda suka hango matsala a rumbun bayanai suka yi gum, don kada a ce su suka taɓa. Ga saƙon WhatsApp da ƙarfe 11 na dare, in ba ka amsa ba washegari a ce ba ka kishin kamfani.

Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar, haka take ko'ina? In daure ne, ko in fara neman wani wuri?

Injiniya Mai Gemu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba haka take ko'ina ba. Daga Kano nake yi wa wani kamfanin Turai aiki, kuma mu ma manhajarmu tana faɗuwa, babu wadda ba ta faɗuwa. In ta faɗi, bayan an gyara sai mu zauna mu rubuta abin da ya faru daki-daki: ƙarfe nawa aka saki aikin, yaushe aka gane akwai matsala, wane shinge ne ya kamata ya tare ta bai tare ba. Ba a neman mai laifi a takardar. Abin da ake tambaya shi ne, ta yaya tsarinmu ya bar mutum ɗaya, sabon shiga, ya taɓa kuɗin mutane ba tare da wani ya duba ba?

A GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, akwai inda ake kulle babban reshe, wato ainihin kwafin manhajar da ake haɗa aikin kowa a ciki, ta yadda aikin kowa ba zai shiga ba sai wani ya duba ya amince, har na shugaban kansa. Minti biyar ya isa a kunna shi. Da kuna da wannan, da yaron nan bai kwana da baƙin ciki ba.

Shirun da ka ce kun koma yi ya fi tayar min da hankali fiye da kuɗin da aka cire. Kamfanin Google ya taɓa nazarin tawagoginsa 180 a wani aiki da ya kira Project Aristotle, don ya gano abin da ke sa wata tawaga ta fi wata. Abin da ya zo kan gaba shi ne mutum ya samu natsuwar cewa "ban gane ba" ko "akwai matsala a nan" ba tare da fargabar a wulaƙanta shi ba. Taron safen nan ma don haka aka ƙirƙire shi, minti 15 ne a tsarin gudanar da aikin tawaga da ake kira Scrum, don wanda ya maƙale ya faɗa a taimake shi. Ni dai in ni ne, zan fara gyara takarduna na neman wani aikin.

Maman Hanifa ta amsa:

Malam, ni a sashen kula da ma'aikata nake, bari in taɓo ɓangaren da ku masu kwamfuta ba ku cika dubawa ba. Ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta ta yau. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci, ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru ba, don haka irinku galibi abin da ke cikin yarjejeniyarku shi ne madogararku, kuma shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta fara dubawa in rigima ta kai can. Duba lokutan aiki, duba wa'adin sanarwa kafin barin aiki, duba ko an ambaci aikin dare. Manhajar kuɗi tana buƙatar mai gadi da daddare, gaskiya ne, amma ana yin sa ne bi da bi, kowa ya san makonsa, sauran su yi barci.

Ka kuma duba asusun fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, kai a cire maka kashi 8. Na sha ganin inda ake cirewa a takardar albashi amma ba a turawa.

Shi kuma yaron, ka ja shi gefe ka ce masa ka ga abin da ya faru kuma ka san ya nemi lokaci. Wallahi irin wannan ke sa yaro mai basira ya bar sana'ar gaba ɗaya.

Baban Sadiq ya amsa:

Ina jagorantar tawaga a Kaduna, kuma ban goyi bayan abin da ogan nan ya yi ba ko kaɗan. Amma Injiniya, ban yarda ya fara shirin tafiya tun bai buɗe baki ba.

A yawancin kamfanoninmu, wanda ya fi kowa iya rubuta manhaja shi ake ɗagawa a ba shi mutane, kuma babu wanda ya taɓa koya masa riƙon mutane. Ga matsin da ke kansa. Tun da aka bar kasuwa ta yanke farashin naira a watan Yunin 2023, kuɗin hayar sabar (kwamfutocin da manhaja ke gudana a kai) da ake biyan kamfanoni irin su AWS da dala ya ninka a lissafin naira, makarantu kuwa da naira suke biya, kuma ba sa son a ƙara musu ko sisi. Mai kamfani yana danna shi, shi kuma yana danna ku. Wannan bai wanke shi ba, amma yana nuna maka ta inda za ka shigo masa.

Kada ka yi masa magana a zaure. Ka same shi shi kaɗai, bayan la'asar in hayaniya ta lafa. Kada ka fara da batun yaron. Ka ce, "Oga, ina tsoron a sake cire wa iyaye kuɗi sau biyu zango mai zuwa, ga abin da nake ganin zai hana." Sai ka kawo kulle reshen da Injiniya ya faɗa, da dokar kada a saki komai da dare ko ranar Juma'a. Daga nan ka faɗa masa a hankali cewa mutane sun fara ɓoye matsala. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. In ya saurara, ka samu shugaban da za a iya aiki da shi. In kuwa washegari sunanka ne ya fito a Slack, to ni ma sai in bi bayan Injiniya.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. Hajiya, na duba takardar, babu batun aikin dare a ciki, kuma na kira yaron mun yi magana. Ranar Litinin in sha Allahu zan sami oga kamar yadda Baban Sadiq ya ce. Injiniya, don Allah ka zayyano min tambayoyin da kuke amsawa a takardar bayan matsalar, ina so in rubuta ta daren nan namu in tafi masa da ita.