Shin ya dace a ziyarci Nayagara a watan Janairu?

Matafiyi: Assalamu alaikum. Ni da abokina muna shirin zuwa kallon mafaɗar ruwan Nayagara da ke kan iyakar Amurka da Kanada a watan Janairu, amma an ce mana ruwan yakan daskare a lokacin. Shin tafiyar za ta biya kuɗin sabulu?

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. Ruwan ba ya daskarewa gaba ɗaya, domin ƙanƙarar a sama da gefe take taruwa, kogin kuma yana ci gaba da kwarara a ƙarƙashinta. A watan Maris na 1848 ne ƙanƙara ta toshe bakin kogin har ruwan ya kusa ƙafewa. Sai dai jiragen ruwan da suke kai baƙi gindin mafaɗar ba sa aiki da hunturu.

Hajiya Bilki: Malam ya faɗi gaskiya. A ganina ɓangaren Kanada ya fi kyan kallo, amma ku tanadi takalma masu kama ƙasa, saboda feshin ruwan yana daskarewa a kan hanya da ƙarafan jingina har su yi santsi kamar gilashi.

Matafiyi: Na gode ƙwarai. Bizar Amurka kawai muke da ita.

Malam Tanko: To, idan fasfonku na buƙatar biza, sai kun nemi ta Kanada daban kafin ku haye gadar Rainbow, wadda ta haɗa ɓangaren Amurka da na Kanada.