Neman shawara: saƙonnin talla sun binne min imel

Mai tambaya, daga Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Mayafai da atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia. Kafin ƙaramar Sallah na sayi firji a wani shago a Adum, yarinyar shagon ta miƙo min takarda ta ce in rubuta lamba da imel saboda garanti. Na rubuta. Tun daga ranar ban huta ba. Ina idar da sallar asuba in na buɗe waya sai in tarar da saƙo shida, bakwai: rangwamen talabijin, bashi cikin minti biyar, inshora, har filaye a Kasoa, ni da nake Kumasi. Abin da ya ƙona min rai makon jiya ne. Mai fito min da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema ya turo takardu, saƙon ya nutse cikin tarkacen nan, kwana huɗu ban gani ba, sai da aka ɗora min kuɗin ajiya. Sau biyu na danna Unsubscribe (wurin cewa a daina turo talla) na shagon, ba su fasa ba. Akwai doka a kan wannan a Gana, ko haƙuri zan yi?

Wani ɗan'uwa mai karatun lauya, daga Nima:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Doka tana nan, kuma tana bayanki. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, wadda ake kira Act 843, sashe na 40, ta hana kamfani amfani da bayananki don yi miki talla kai tsaye sai da yardarki a rubuce. Ke don garanti kika bayar, ba don talla ba. Sashen kuma ya ba ki dama, a duk lokacin da kika ga dama, ki rubuta musu cewa su daina. Sai dokar hada-hadar intanet ta 2008, Act 772, sashe na 50: dole mai turo talla ya ba ki hanyar fita, in kuma kin tambaya ya faɗa miki inda ya samo imel ɗinki. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau, don masu bashi da masu filayen nan ba daga sama suka san ki ba.

Shawarata, ki daina dogaro da danne-danne kawai, ki rubuta. Takarda ita ce shaidarki. In suka yi kunnen uwar shegu, ki kai ƙara Hukumar Kare Bayanai da ke Accra, tana da ikon umartar su su bi.

Mai gyaran waya, daga Asawase:
Hajiya, kafin komai ki ji wannan. Ba kowane Unsubscribe ake dannawa ba. Na shagon da kika sani, danna. Amma na masu "bashi cikin minti biyar", kada ki taɓa komai a cikin saƙon. Wasu da gangan suke sa shi, kina dannawa sun gane akwai mai karantawa, sai su ƙara ruwan saƙo, ko su kai ki shafin da zai nemi lambar sirrinki ta MoMo, asusun kuɗin waya. Wata baiwar Allah ta zo shagona tana hawaye a kan haka, kuɗin adashinta ne ya tafi. In Gmail kike amfani da shi, akwai Unsubscribe na Gmail kansa a sama, kusa da sunan mai turowa, shi ya fi aminci. Tun 2024 Google ya wajabta wa masu tura saƙo da yawa su sa shi, su kuma cire mutum cikin kwana biyu. Sauran ki tura su Spam ki toshe. In kin ga alamar damfara, ki kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ne.

Wata uwa, daga Sabon Zango:
'Yata, ni dai imel biyu gare ni, jikana ya buɗe min. Ɗaya na kasuwanci, ɗaya na cike takardun shaguna. Ki bar musu tsohon su yi ta zuba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mama, zan buɗe na biyun, amma tsohon ba zai baru ba, shi abokan cinikina na Dubai da Lome suka sani shekara tara. Malam na Nima, me zan rubuta a takardar? Turancina na kasuwa ne.

Mai karatun lauya:
Ba ta buƙatar dogon Turanci, Hajiya, layi huɗu ya isa. Sunanki da imel ɗin. Ranar da kika sayi firjin da lambar rasit. Sai ki ce, bisa sashe na 40 na Act 843, kina buƙatar su daina amfani da bayananki don talla, sannan ki nemi su sanar da ke duk wanda suka bai wa. Ki sa kwanan wata da hannu. Ki tura ta imel, ki kuma buga kwafi biyu ki kai Adum da kanki, manaja ya buga hatimi a kan ɗaya ki dawo da shi gida. Duk tallar da ta shigo bayan ranar kada ki goge, ki ɗauki hotonta yadda kwanan wata zai fito. In kin rubuta ki liƙo a nan, ki rufe sunanki da lambar rasit, in duba miki kafin ki kai.