Katin wuta ba ya kai wata: me ke cinye yunit a gidajenmu?

Mai wayarin, Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato masu layin da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauko da shi 206.80 a Mayu, ya koma 209.50 a Yuli, ƙorafin da ake yi a gidaje ɗaya ne: kati ba ya kai wata. A wannan farashin, idan aka haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, naira dubu goma yunit 44 take sayowa. Ina roƙon masu sana'a da masu lura da mitarsu, kowa ya kawo abin da ya gwada ya ga amfaninsa.

Bari in fara da lissafi, don a kansa sauran maganar za ta hau. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Kusan kowane kayan wuta yana da rubutu a bayansa ko a gindinsa, lamba da harafin W. Ninka lambar da awannin da yake aiki a rana, ka raba da 1,000, yunit ɗinsa ke nan. Ƙwan fitila mai zare na wat 60 guda goma, awa shida a dare, yunit 3.6. A canza su da LED na wat 9, hasken kusan ɗaya, yunit 0.54. Fitilar tsaro ta halojin mai wat 500 da ake bari tun magariba har asuba tana cin sama da yunit 5 ita kaɗai, alhali LED na wat 30 zuwa 50 ya ishi tsakar gida. Idan aka yi wannan lissafin ɗaki bayan ɗaki, za a ga duk abin da ke kawo zafi ko sanyi shi ne babban mai ci. Cajar waya da ake ta yi wa yara faɗa a kanta, sai an cika waya wajen sau hamsin kafin yunit ɗaya ya tafi.

Mai gyaran firij, Tudun Wadan Zariya

Wa'alaikumus salam Malam. Gaskiya ka faɗa, kuma firiza ce ta fi ruɗar mutane, domin rubutun jikinta kaɗan ne, wat 100 zuwa 150. Abin dubawa shi ne awa nawa kwamfiresa, wato injin da ke kawo sanyin, ke yi yana gudu. Lafiyayyar firiza tana yi tana hutawa. Wadda ba ta hutawa sam, cinta zai ninka.

Abu na farko da muke tararwa shi ne robar ƙofa. A sa takarda a bakin ƙofar a rufe, a ja. Idan ta zare ba tare da ta riƙe ba, sanyi na fita ta nan, a gwada kusurwa huɗu duka. Wani lokaci wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu kawai yake gyara ta, idan ta bushe ta tsattsage sai canji. Na biyu, matsa ta da bango. Zafin da take cirowa daga ciki ta baya ko ta gefenta yake fita, don haka a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu ta kowane ɓangare, kada a jibga mata kwali ko bargo, kada a ajiye ta kusa da murhu ko a baranda inda ranar la'asar ke dukanta. Na uku, ƙanƙarar da ke taruwa a bangon ciki. Mutane na ganin alamar ƙarfi ce, alhali bargo ce da ke hana sanyi isa ga kaya. Da ta wuce rabin santimita a kashe a bar ta ta narke da kanta. Don Allah kada a sa wuƙa ko sukundireba a ɓamɓare, rabin firjin da ake kawowa gas ya zube, a nan aka huda bututun.

Inda wuta ke zuwa ba ƙarfi, za ka ji kwamfiresa na gurnani, ya yi ƙas ya tsaya, ya sake gwadawa. A lokacin yana jan wuta da yawa kuma ba ya sanyaya komai, daga ƙarshe ya ƙone. A sa wa firizar gad, wato 'yar na'urar soket da ke kare ta daga wutar da ba ta daidaita ba, mai jinkirin minti uku zuwa biyar, ko a zare ta daga soket har wutar ta daidaita.

Hajiya mai zoɓo da ƙanƙara

Sannu da ƙoƙari Malam mai firij. Ƙari a kan naka ga mata masu sana'a: zoɓo ko kunun zaƙi ko lamurje, a bar shi ya huce sarai a inuwa kafin a ƙulla a sa. Zubin da aka sa da ɗuminsa yana hana firiza hutawa har tsakar dare, kuma yana narkar da wanda ya riga ya daskare. Kada a cusa kaya dam, a bar 'yar hanyar iska tsakanin ledoji. Ranar da kaya ba yawa, a cike gurbin da robobin ruwa, su ne za su riƙe sanyin idan an ɗauke wuta. Na sayarwa kuma a kwashe na wunin a zuba a kula tun safe, maimakon buɗe firiza duk wanda ya yi sallama.

Injiniya, Barnawa

Hajiya kin kawo abin da littafi bai cika faɗa ba. Ni iyakwandishan zan taɓa, don gidan da ke da ita, ita ce sarauniyar ci. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,100 zuwa 1,300. A daren bazara, awa takwas ba hutu, yunit tara zuwa goma sun tafi, wato kusan kwatan katin dubu goma a dare ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa ta a digiri 16. Hakan ba ya sa ɗaki saurin sanyi ko kaɗan, iskar da take hurowa ɗaya ce. Abin da yake yi kawai shi ne hana kwamfiresa tsayawa, domin ɗakin ba zai taɓa kai 16 a watan Afrilu ba. A sa ta a 25 ko 26, a kunna fanka a hankali ta juya iskar, jiki zai ji daɗi kuma injin zai riƙa yankewa. A sa mata lokaci ta mutu wajen ƙarfe uku na dare, fanka ta ƙarasa. Ragar da ke gabanta a zare a wanke da ruwa duk mako biyu, ƙurar ƙasar nan ba ta wasa ba ce, injin waje ma a wanke haƙarƙarinsa kafin zafi ya shigo, a yi masa rumfa wadda ba ta toshe iska ba.

Masu tambayar ko iyakwandishan mai inbata, wato wadda injinta ke rage gudu da kansa, ta fi, e ta fi, amma da sharaɗi. Ribarta tana zuwa ne bayan ɗakin ya yi sanyi ta rage gudu. Ɗakin da ke da kwano ba silin, ko tagar yamma ba labule mai kauri, ko ƙasan ƙofa a buɗe, gudu za ta yi ta yi kamar kowace. A fara gyara ɗakin kafin a sayi sabon inji.

Mai wayarin, Fagge

Ranka ya daɗe Injiniya, yawancin gidajenmu fanka ce gatansu, kuma ita ma ba a raina ta. Fankar sama wat 70 zuwa 80 ce. Guda uku, awa 12 a rana, wajen yunit 80 a wata. Sabbin fankoki masu injin DC wat 30 zuwa 35 suke ci a ƙarshen gudu, ƙasa da rabi. Suna da tsada, don haka a fara canza wadda ta fi daɗewa a kunne. Fankar da ta rage gudu kuwa, galibi kafasita ce ta yi rauni, 'yar ƙaramar aba mai 2.5 a jikinta, kuɗinta kaɗan. Sannan tsohuwar babbar regileta da ke ɗaukar zafi a bango, wannan zafin wutarka ce ke tafiya, a canza ta da ƙarama ta zamani. Fanka jikin mutum take sanyayawa, ba ɗaki ba, barin ta a ɗakin da ba kowa asara ce zalla.

Maman 'yan biyu, Katsina

Jama'a ba a taɓo kicin da banɗaki ba, kuma da hunturu can yunit ke zuba. Hitar da ake tsomawa a bokiti wat 1,000 zuwa 1,500 ce. Wasu na cewa a tafasa kaɗan a sirka ya fi a ɗumama bokitin duka. Wanne ne daidai, Injiniya?

Injiniya, Barnawa

Maman 'yan biyu, idan ɗumin ƙarshe ɗaya ne, cin wutar ma kusan ɗaya ne. Lita biyar daga sanyin digiri 20 zuwa tafasa tana cin wajen rabin yunit, idan aka sirka da lita 15 a sami bokitin wanka mai ɗumin digiri 40. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka tsoma hita aka manta har bokitin lita 20 ya tafasa, wannan kusan yunit biyu ne, sannan a zo ana neman ruwan sirki. Amfanin tafasa kaɗan a buta shi ne tana kashe kanta. Kuma ina roƙo, kada yaro ya sa hannu a bokiti hita na ciki, an yi rashi da yawa ta wannan hanyar. Mai hitar bango ya kunna ta minti 20 zuwa 30 kafin wanka ya kashe, kada ta wuni tana ɗumama ruwan da ba mai amfani da shi.

Girki kuma ga ma'auni mai sauƙi. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin kusan yunit 13, wajen rabinsa ke shiga tukunya. Kafin murhun lantarki mai faranti ya ba da wannan zafin sai ya ci kusan yunit tara. To a kwatanta kuɗin kilo ɗaya da kuɗin yunit tara a layinku. Ga ɗan Band A, a farashin Yulin 2024 da haraji, yunit tara ya haura naira dubu biyu.

Maman 'yan biyu, Katsina

Na gode, Allah ya ƙara basira. To ga nawa. Wake da ganda da ƙafar saniya su ne ke daɗewa a wuta. Wake a jiƙa shi tun dare, tukunya a rufe ta, da ta tafasa a rage wuta, domin tafasa mai ƙarfi ba ta fi tafasa a hankali saurin nunar da abinci ba. Tukunyar matsi tana rage lokacin da fiye da rabi. Guga kuma a tara ta rana ɗaya a mako, a fara da kayan da ba sa son zafi, a zo kan atamfa da yadi, a zare soket a ƙarasa hankici da ɗankwali da sauran zafin dutsen. Shadda mai sitati a kai wa masu bugu, ta fi kyau da sheƙi ma.

Mai aikin famfo, Gombe

Gidan da ke da rijiyar burtsatse ya duba injinsa. Mai doki ɗaya kusan yunit ɗaya yake ci duk awa. Tankin da ke ambaliya har ruwa ya fito lungu, kuɗi ne ke malala. A sa fulot mai kashe injin idan tanki ya cika. Idan tanki na saurin ƙarewa ba dalili, a duba tankin masai, robar cikinsa idan ta lalace ruwa na zurara dare da rana ba a ji. A ɗiga shuɗin wanki a ciki, idan launin ya bayyana a kwanon ba a ja ba, yoyo ne. Injin da ya fara daɗewa kafin ya cika tankin da ya saba cikawa da wuri, ko dai ruwan rijiyar ya ja baya ko farfelar ciki ta cinye, a kira mai gyara kafin ya ƙone.

Mai haɗa sola, Kofar Ruwa

Salam. Masu inbata da batir ba tare da faifan sola ba su sani cewa ba rage kuɗin wuta suke yi ba, ƙara shi suke. Duk yunit ɗin da aka zuba a batir mai ruwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye yana ɓacewa tsakanin caji da fitarwa, ita kanta inbatar tana cin wat 20 zuwa 50 ko ba a kunna komai ba. Tsohon batirin da ba ya cika kuwa, caji zai yi ta ja ba iyaka. Masu faifai kuma, sau da yawa muna tarar da inbata an bar ta a tsarin da ke fifita wutar nepa, da asuba ta cika batir daga mita, rana ta fito ba ta sami inda za ta zuba ba. A shiga saitin a sa sola a gaba, a mayar da jan ruwa da guga da wanki tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na yamma.

Wata 'yar na'ura da ake tallata cewa a soka ta a soket ta rage rabin kuɗin wuta, kada a saya. Kafasita ce da 'yar fitila a ciki, mitar gida ba ta ƙidaya abin da take gyarawa. Zagaye mita kuwa laifi ne a doka, kuma irin wannan haɗin na ɓoye yana cikin abubuwan da ke tayar da gobara.

Mai wayarin, Fagge

Haka ne. Saura gwajin da nake so kowa ya iya da kansa. A jikin mita akwai 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta lamba kamar 1000 ko 1600 ko 3200, wato ƙyaftawa nawa ke yin yunit ɗaya. Idan 1000 ce, ƙidaya ƙyaftawar minti ɗaya ka ninka da 60, wat ɗin da gidan ke ja ke nan a lokacin. Idan 1600 ce ka ninka da 37.5. Kunna kaya ɗaya bayan ɗaya za ka gane mai ci.

Sannan a kashe komai, a zare duk soket, a zuba wa fitilar ido minti biyar. Idan tana ci gaba da ƙyaftawa, wuta na fita ta wani wuri. A riƙa sauke bireka, wato makunnan da ke akwatin rarraba wutar gida, ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya, layin da ya tsayar da ita shi ne mai matsalar. Abin da muka fi samu shi ne wayar da ta feɗe a cikin bango mai danshi, ko wayar injin rijiya da aka binne ba bututu, ko a gidan haya inda aka haɗa wayar nutural ta ɗakuna da yawa wuri ɗaya, domin wasu mitoci suna auna wayoyin biyu su ɗauki wadda ta fi. Wannan aikin mai wayarin ne, kada a taɓa da kai, kuma kada a ɓalle hatimin mita.

Idan gwajin ya fita lafiya amma yunit ɗin da ake ba ka ya yi kaɗan, karanta rasit: yana nuna band ɗinka, farashin yunit, da ko ana cire tsohon bashi. Band A awa 20 ne a rana aƙalla, B 16, C 12, D 8, E 4. Wanda ake caja a A kuma wutar ba ta kai haka, ya riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa na mako biyu a littafi, ya kai ƙorafi a rubuce ofishin kamfanin wutar yankinsa, ya karɓi shaidar sun karɓa. Idan ba a warware ba, sai ya wuce ofishin sauraron ƙorafi na hukumar da ke kula da wutar jiharsa da wannan littafin a hannu.