Zane da burushi a kan fondant: me ya sa kala ke narkar da shi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum masu kek. Ina son zana furen lalle da hannu a jikin kek ɗin biki mai farin fondant (wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi). In na dama gel kala (kalar abinci mai kauri) da ruwa sai wurin ya yi danƙo, burushi ya riƙa jan fondant ɗin, kalar kuma ta zuraro. Na ga Turawa da vodka suke damawa, ni kuma ba zan sa giya a kek ba. Mene ne mafita?

Anti Mai Kek:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fondant kusan duk sukari ne, ruwa kuwa narkar da sukari yake yi. Abin da ya sa suke son vodka ke nan, tana bushewa kafin ta jiƙa shi. Ki kula, yawancin lemon extract (ruwan ƙamshin lemo na kwalba) da ake cewa a sa a madadinta shi ma da barasa aka haɗa shi, ki duba jikin kwalbar.

Ruwa ma yana yi, in dai an san hannunsa. Bayan kin rufe kek, ki bar shi awa 12 zuwa 24 har saman ya ɗan yi ɓawo; a kan ɗanyen fondant ko gwani ba zai iya zane ba. Ki lakato gel da kan tsinken sakace, ki dama da ɗigo biyu ko uku na ruwa a farin faranti. Duk tsomawa ki dangwala burushin a tishu har ya daina sheƙi. Ki shafa sau ɗaya ki wuce, komawa wuri ɗaya shi ke haƙa rami. Kala mai haske ake fara sawa, a ba ta rabin awa, sannan a bi da mai duhu. Siririn layin lalle burushi lamba 0 ko 00 yake so, cikin ganye lamba 4. Kalar lalle kuma ruwan ƙasa ce da ɗan ja da ɗan kalar lemo.

Baban Sadiq:
Anti ta faɗi gaskiya, amma ni a ganina man koko ya fi, tunda babu ruwa a cikinsa sam. Na ci nake nufi, wanda ake haɗa cakulan da shi, ba na shafawa a jiki ba. A ɗora faranti a kan kwanon ruwan zafi, a narkar da rabin cokalin shayi, a dama da kalar gari. Gel ba ya haɗuwa da mai, tsinkewa zai yi. In burushi ya fara ƙanƙara ruwan ya huce, a sauya. Illarsa ɗaya: yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri 34, don haka lokacin bazara kada kek ya zauna a mota ko ƙarƙashin rumfa, ɗan taɓawa zai goge zanen.

Hajiya Umma:
A ƙara da yanayi. Da hunturu awa shida ma ta isa, sai dai fondant yakan tsage a gefe, a murza shi da ɗan man Crisco (daskararren farin man girki) kafin a rufe. Da damina gumi yake yi, sai an kunna masa fanka. Kuma kada a sa kek mai zane a firij: yana fitowa raɓa ta sauka a kansa, baƙi da ja su zubo. In za a sa zinare, a tabbata an rubuta na ci ne, wani na ado ne kawai.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. To yaya zan fitar da zanen daidai? Hannuna ba ya tsayawa a jikin kek.

Anti Mai Kek:
Ki zana shi a takardar gasa kek, ki manna ta da fil biyu ta sama, ki bi layin da tsinke kina dannawa a hankali ya bar sawu. Tun fondant bai gama bushewa ba za ki yi wannan, in ya bushe tsagewa zai yi. Ki ƙirga fil ɗin lokacin cirewa. Wajen zane ki dafa gwiwar hannu a tebur, ki ɗaga kek ɗin daidai idonki, ki fara daga sama kina sauka don kada hannu ya shafe. In layi ya kauce, tsabtataccen burushi mai ɗan laima zai ɗauke shi nan take. Ki bar wurin ya bushe sarai kafin ki sake bi.