Shin Aikin Esposito Ya Rage Ƙyamar Musulmi a Amurka?

Malamin tarihi: Ra'ayina shi ne, duk da dogon lokacin da Farfesa John Esposito ya ɗauka yana rubutu a kan Musulunci, aikinsa bai rage ƙyamar Musulmi a Amurka ba. A 1992 ya fitar da littafin da ya yi jayayya da masu cewa Musulunci barazana ne ga Yammacin duniya, a 1993 kuma ya kafa cibiyar fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista a Jami'ar Georgetown. Amma da bam ya tashi a birnin Oklahoma a 1995, Musulmi aka fara nuna wa yatsa kafin a gano cewa Timothy McVeigh ne, wani Ba'amurke da ba Musulmi ba. Alƙaluman FBI kuwa sun nuna cewa laifuffukan ƙiyayya a kan Musulmi sun tashi daga 28 a 2000 zuwa 481 a 2001. Ina tasirin yake?

Ɗalibar digiri na biyu: Malam, da girmamawa, ina ganin ma'aunin da ka ɗauka bai dace ba. Ba a auna aikin masani da fushin jama'a a makon da aka kai harin 11 ga Satumban 2001. Abin dubawa shi ne, da aka shiga wannan ruɗani, shin akwai abin dogaro da ɗan jarida ko malamin makaranta zai buɗe ya karanta? Akwai, domin tun 1995 Esposito ya jagoranci wallafa kundin Oxford a kan duniyar Musulmi ta zamani. Daga baya shi da Dalia Mogahed suka fitar da sakamakon binciken Gallup, kamfanin da ke jin ra'ayin jama'a, wanda ya ji ta bakin dubban Musulmi a ƙasashe fiye da 35, maimakon a bar masu sharhi a talabijin su yi ta magana da yawunsu.

Ɗan jarida: Malama, ba ki taɓo batun kuɗi ba, alhali nan ne masu suka suka fi samun kafa. A 2005 Yarima Alwaleed bin Talal ya ba cibiyar dala miliyan 20, har aka sa mata sunansa. Tun kafin haka, a 2001, masanin tarihin Gabas ta Tsakiya Martin Kramer ya zargi Esposito da ire-irensa da raina haɗarin ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Ba na goyon bayan Kramer a komai, amma duk wanda ya karɓi irin wannan kyauta ya san za a riƙa tambayarsa wa yake yi wa aiki.

Dattijo: Ɗana, tambayar tana da kyau, sai dai a duba tarihin mutumin kafin a yanke masa hukunci. Ɗan Katolika ne daga Brooklyn, ya yi karatun digirin digirgir a hannun marigayi Isma'il al-Faruqi a Jami'ar Temple, ya kammala a 1974, lokacin da fannin nan ba shi da kasuwa ko kaɗan a Amurka. Matsayinsa ya riga kuɗin Yarima da shekara talatin. Abin da ya fi damuna dabam ne: har yanzu Ba'amurke ya fi yarda da bayanin Musulunci idan ya fito daga bakin wanda ba Musulmi ba.

Malamin tarihi: Baba, wannan ma yana ƙarfafa maganata. A Janairun 2017 aka hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, ciki har da Sudan, daga baya aka sa Chadi, Kotun Ƙoli ta amince da matakin a 2018, a 2020 kuma aka ƙara Najeriya a jerin waɗanda aka taƙaita wa bizar zama.

Ɗalibar digiri na biyu: Haka ne, Malam, amma washegarin ranar da dokar ta fara aiki lauyoyi da talakawan Amurka, akasarinsu ba Musulmi ba, sun cika filayen jiragen sama suna zanga-zanga, kuma a 2018 ɗin aka zaɓi mata Musulmi biyu, Ilhan Omar da Rashida Tlaib, zuwa majalisar wakilai. Ban ce Esposito ne ya kawo su ba. Idan ka ɗora masa alhakin dokar, sai ka gaya mana wa za mu ba ladan masu zanga-zangar.